Tayoyin Haya Huɗu

Ni tuwo nake sayarwa a tashar motocin Ngong a nan Garwa, kuma Jonas tun yana saurayi yake cin tuwona. Mutumin Mokolo ne. Ya sauko daga dutse da riga ɗaya, ya koyi tuƙi, ya auri Simone, ya yi furfura a kan sitiyari bai taɓa buge ko akuya ba. Ba ya shan giyar bilbil, ba ya gudu da mota. Matan cocinsu sai su zauna a rumfata suna kallon motoci na tashi, su ce su ta Jonas suke jira. Gidansa na haya ne, gona babu. Sunan kirkin nan shi kaɗai bawan Allah ya tara a duniya.

Motar kuwa ta Alhaji Sulaimanu ce. Alhaji mutum ne da in ka ambaci sabuwar taya sai ciwon kai ya kama shi. Okaziyo yake saye, tsofaffin tayoyin da Turawa suka gama da su. In sun cinye sun yi sulɓi kamar tafin hannu, sai a kai wa Abdulbaƙi mai faci ya zana musu sabon zane da wuƙa mai zafi. Da rani ba a ganewa. Da damina fa, zanen ƙarya ba ya korar ruwa daga ƙarƙashin mota.

To, ina batun bizit, wato duba lafiyar mota da hukuma ke yi? Nan ma akwai dabara. Abdulbaƙi yana da sababbin tayoyi huɗu a ƙuryar shagonsa, na haya. Da safe a ɗaura su, mota ta je ta ci bizit, kafin azahar an dawo an kwance an mayar da tsofaffin. Rabin motocin tashar nan da tayoyin nan suka haye. Kowa ya sani, har kajin tasha.

A Agustan bara, ranar da aka kwance su daga motar Jonas, hadari ya haɗo ta gabas. A gabana Jonas ya tsayar da Alhaji.

"Alhaji, don Allah a bar mini ko biyu har damina ta wuce. Waɗannan ba sa riƙe hanya."

"Haba Jonas! Kai da hannunka? Ka bi a hankali kawai."

Ya bi a hankali ɗin. Kafin ya kai Ngong ruwa ya tsuge, ya kwanta a kan kwalta, wata babbar mota ta taka birki a gabansa. Shi ma ya taka. Motar ba ta saurare shi ba, ta yi gefe ta kife a kwalbati. Jocelyne, 'yar cocinsu da ta ƙi shiga motar farko don ta jira tasa, nan take ta cika.

Da jandarma suka ga tayoyin suka kira mai mota. Alhaji ya zo da farar riga, ya ce shi motarsa ta ci bizit da sababbin tayoyi, a je a tambaya. Aka tambaya, aka ce haka ne. Sai ya juya ya ce, "To Jonas, ina ka kai tayoyina?"

Wallahi da na ji wannan magana sai da na kifar da tukunya. Na je na sami Abdulbaƙi na ce ya buɗe baki ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Hajiya, abincina kike so ki zubar?" Direbobin tasha kuwa, maza da gemu, kowa ya sunkuyar da kai, don duk bizit na jiransu. Tir! Maganata ni ta mai tuwo ce, ba wanda ya rubuta ta.

Jonas ya yi zaman kurkuku ya fito. Lasisi ya tafi. Yanzu dako yake yi da baro, kuma 'yan tasha "Ɓarawon Taya" suke kiransa. Simone ta daina zama a layin gaba a coci. Ina zuba masa tuwo, wani lokaci ya ci, wani lokaci ya zauna yana kallonsa har ya huce.

Shekaranjiya wata motar Alhaji ta dawo daga bizit. A kan idonmu aka kwance huɗun nan aka gangara da su shago, har yanzu sababbi fil, ba su taɓa taka ruwan sama ba. Gari ya yi baƙi, ana lodi. Sai na ga Jonas ya ajiye baro ya nufi wata mata mai goyo da ke shirin shiga.

"Madam, don Allah kar ki shiga wannan. Tayoyin ba su da kyau, ruwa na zuwa."

Ɗan kamasho ya raɗa mata wani abu a kunne. Ta dubi Jonas sama da ƙasa, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji, ta shige mota ta ja gilashi.