Likkafanin da Ya Shiga Marina

Sa'ida ɗiyar Tanimun ta yi karatu a hannuna a lakwal, makarantar boko ta Dogarawa, kuma tun a wancan lokaci ta fi kula da bakin zanen malamai mata fiye da abin da ke kan allo. Da ta girma sai ta koyi ɗinki, ta kama ɗan shago a Birnin Ƙonni. Ba ta sayen sabon yadi. Tsofaffin zannuwan saƙi take bi gida gida, da gwado, da majanyin da aka daina goyo da shi. Takan wanke su, ta yanke inda asu ya ci, wanda ya koɗe ta kai shi marina, sa'an nan ta fitar da riguna da jakunkuna. A wuyan kowace riga tana ɗinka sunan sana'arta: Adaka. Matan ma'aikatan buro, wato ofis, ne suka fara saye, daga baya hotunan kayanta suka kai Tawa da Yamai ta waya.

Adakar da ta fara buɗewa ta kakarta ce, Inna Ummul Khairi. Wata rana, tsohuwar na shirin tafiya bikin suna a Bazaga, ta miƙa mata mabuɗi ta ce, "Kwashe tsummokaran nan, sun tare mini wuri." Sa'ida ta kwashe. A can ƙasa ta tarar da wani farin saƙi mai kauri wanda ba a taɓa ɗaurawa ba. Ta yi murna, ta kai shi marina, ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, ta yanka shi riguna.

Ranar da ta zo nuna wa kakarta aikin, Inna ta shafa rigar farko, ta juya ta, ta daɗe tana duban zaren.

"Ke, wanga daga ina?"

"Daga adakarki, tsohuwa. Ba ke kin ka ce in kwashe ba?"

"Tsumma na ce. Wanga likkafanina ne."

Ashe da hannunta ta kaɗa zaren tun tana da ƙarfi, ta ba masaƙi, ta ajiye domin ranar da za a buƙace shi. Abin da aka rina kuwa ba ya komawa fari. Sa'ida ta durƙusa tana kuka, ta ce gobe za ta sayo farin yadi mafi kyau a kasuwar Ƙonni.

"Na kanti? Wanda ban san hannun da ya yi shi ba? Tashi, ɗiyar nan, hawayenki ba su wanke baban rini."

Kwanakin da suka biyo baya Inna ta rage cin abinci, ta rage magana. Ba mutuwa take tsoro ba. Abin da ya dame ta shi ne ta zo ta same ta ba shiri. Sa'ida ta rufe shago, ta shiga motar kasuwa tana cigiyar auduga, har ta samo a wajen wata mata a Malbaza. A Illela kuma aka nuna mata gidan Malam Muttaƙa, tsohon masaƙi, wanda ya jingine masaƙarsa a bayan rumbu ya koma noman hatsi. Da fari ya ƙi, ya ce gwiwoyinsa sun manta aikin. Da ya ji ko na mene ne, sai ya tashi ya kakkaɓe itatuwan.

Inna ta nemo mazarinta, ta shafa alli a yatsu. Zaren farko ya yi ta tsinkewa, tana zagin audugar zamani. Sannu a hankali hannu ya tuna. Maƙwabta tsofaffi suka riƙa zuwa kallo, sa'an nan kowace ta zo da nata mazarin, zaure ya cika da hira. Zaren da ya yi saura Sa'ida take karɓa, Malam Muttaƙa ya saƙa mata, ta haɗa da tsofaffin zannuwa.

"Na gane ki," in ji Inna. "Kullum kina ƙaro auduga don kada in gama in tafi."

"To ina za ki, tsohuwa, ga masu saye suna jira?"

Bayan kaka aka kawo saƙin, fari tas. Inna ta sa aka shimfiɗa shi a kan tabarma, ta kwanta a gefensa domin ta gwada, Sa'ida na tsaye ta kawar da kai. Inna ta tashi, ta kama wani yanki daga ƙarshe, ta nuna inda za a yanka.

"Ya yi yawa. Tsufa ya rage mini tsawo. Ɗauki wanga ki kai marinarki."

Sauran ta ninke da kanta, ta sa a adaka, ta kulle, sa'an nan ta ce a zubo mata fura.