Kofin Ruwa a Gindin Bango

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokin aikina, da 'yar na'urarmu ta auna girgiza a cikin jaka. Aikinmu ke nan a ɗakin gwaji, mu girgiza roba mu ga yadda take shanye motsi. Injin niƙan da kawuna ke da shi a Tozai ne ya tayar da mu. Girgizarsa ta tsaga bangon maƙwabci, mai gari ya ce in ba a gyara ba kafin Juma'a, a ɗauke injin. Da shi kawu ke ciyar da gidansa.

Hanyar Isa ta fara gwada mu. Ƙasusuwana sun shaida robar da ke ƙarƙashin motar hayar da muka shiga ta mutu tuntuni. Direba bai tsaya ko'ina ba, kowa ya yi tsit don tsoron 'yan bindiga har muka fita daji. Sai a tashar Isa, da muka sha fura mai sanyi, bakinmu ya buɗe.

A Tozai muka tarar kawu ya kira wani tsohon mai faci daga Sabon Birni, ya zo da yankakkun tsofaffin tayoyi iri uku. Ina fama da wayoyin na'ura, shi kuwa kofin ruwa ya nema, ya ajiye a gindin bangon. Ya sa robar farko ƙarƙashin ƙafafun injin, aka tayar, ruwa ya yi ta rawa. Da ta biyu ya rage. Da ta uku ya kwanta lumui, ga inji yana ta ruri.

"Wagga ita ta," in ji tsohon. "Waɗancan rana ta ƙone su, sun yi tauri. Malam, auna da taka mu gani, za ni gida kahin la'asar."

Na auna har sau uku. Lambobina suka jera robobin daidai yadda ruwansa ya jera su. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Aka kira maƙwabcin. Ya dafa bangonsa da tafin hannu, inji na aiki, ya daɗe a tsaye, ya juya ya koma gida. Haka muka baro kawu, zuciyarsa a rataye.

Mun dawo gida lafiya, na kuma koyi cewa ilimin da nake taƙama da shi yana da masu shi a inda ba na zato. Ranar Juma'a da safe kawu ya bugo waya. Maƙwabcin ne ya fara kawo niƙa.