Tabar da Na Sa Ka Kunna, Alhaji Mijinyawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran Alhaji Mijinyawa Abdulnasir, mutumin Damagaram, ɗan kasuwa a unguwar Al Khabaisi ta Dubai. Ya faɗi a matakalar ofishinsa bayan sallar la'asar, ba a kai da shi asibiti da rai ba. Likita ya ce bugun zuciya ne. Shekarunsa hamsin da takwas. An yi masa sutura ranar Alhamis a nan Dubai, bayan an gama takardu.

Baba Alhaji, wata goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinka. A unguwar Al Satwa ka same ni, a ɗakin da muke kwana mu takwas, bizata saura kwana shida, takardar digirina ta ilmin sinadarai tana cikin leda. Ko kallonta ba ka yi ba. Ka tambaye ni ko ina shan taba, na ce a'a. Ka ce da Faransancinku na Nijar, "Bon, kayana sun tsira." Ka yi mini biza, ka samo mini ɗaki a Abu Hail, duk Juma'a kuma sai na ci abincin rana a gidanka tare da mutanen Nijar da suke cika maka falo.

Sana'arka tabar naɗi ce, mai kaurin nan da ake kira siga. Kana saye a hannun dillalai a nan, ka aika wa otal-otal a Yamai da Abidjan. Na san abin da malamai suke faɗa a kan taba, kai ma ka sani, kuma ban taɓa jin ka kare sana'ar ba. Abin da zan iya shaida shi ne ba ka ha'inci.

Duk ƙunshin da aka kawo, sai ka zare ɗaya ka tsaga ta da reza daga kai har gindi. Ka nuna mini cewa mai tsada dogayen ganye ne a cikinta, kwance daga wannan kai zuwa wancan. Mai arha kuwa cakuɗe ce, ganye ɗaya ko biyu dogaye, sauran gutsattsarin da ya rage a teburin masu naɗi. Watarana wani dillali ya kawo cakuɗe da aka sa wa zoben takarda na masu tsada. Ka tsaga ta a gabansa, ka zube gutsattsarin a tafin hannunsa, ka ce, "Habibi, abokina, ɗauki tsakinka. Da ka kira ta da sunanta da na saya."

Kai kanka ka bar sha tun da aka yi maka aikin jijiyar zuciya a Nuwamba 2023. Da hannu da hanci da reza kake gwada kaya.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni sukuni.

Ranar Litinin, 6 ga Janairu, aka kawo samfurin cakuɗe mai arha, ƙunshi ɗaya mai guda ashirin da biyar. Wani otal a Yamai yana son sanin ko ta cancanci a saya. Ni ne na tsara takardar gwaji, da gurbi shida: nauyi, tsawo, laima, ƙamshi, ciki, ƙonewa. Na cike biyar. Ka tsaga ɗaya, ka shinshina, ka ce, "Khalas, shi ke nan, rubuta musu su saya." Na ce gurbin ƙonewa fa? Ba zan sa hannu a kan abin da ba a gwada ba. Ka ce, "Mubashir, shekara ashirin ina ganin cikin taba." Na ce amma ba a gwada wannan ba, ni kuma ban iya zuƙa ba. Ka yi dariya ka ce, "Kanawa da boko, sai Allah." Ka rufe ƙofa, ka buɗe taga, ka kunna.

Minti goma sha ɗaya ka yi kana sha. Na sani, don ni nake duba agogo. Ka ce tana ci da sauri, tana zafi daga tsakiya, tokarta ba ta tsayawa, kuma tana barin ɓurɓushi a harshe. Ka ce ga mai sha kullum wanda bai son ya ƙone aljihunsa, ba laifi a saye ta, matuƙar an gaya masa cakuɗe ce. Amma ba ta kyauta ba ce, ba kuma ta ajiya ba. Na rubuta duka, ina jin daɗin takardata ta cika. Ban kalli fuskarka ba sai da na ɗago. Idonka a lumshe yake, kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki.

Kwana takwas tsakanin wannan rana da rasuwarka.

Bayan jana'iza na buɗe akwatin katakon da muke ajiye samfur. Ɗaya an tsaga, ɗaya ka sha a gabana, ya kamata a sami ashirin da uku. Goma sha tara na tarar. Sau uku na ƙirga. Mu biyu ne kawai muke da makullin. Har yau idan na buɗe ofis da safe warin nan nake fara ji a jikin labule, sai in tsaya a bakin ƙofa ina jiran tarinka. Na tambayi likitoci biyu ko siga biyar a kwana takwas za su iya tsayar da zuciya irin taka. Babu wanda ya ce e, babu wanda ya ce a'a.

Ranar addu'ar bakwai na je wurin maiɗakinka, Hajiya Safiatou. Na durƙusa na gaya mata komai, da ranar da mintocin. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ɗana, tashi. Tun watan Oktoba nake jin warin taba a rigunansa idan zan kai wanki. Ni ma shiru na yi. Idan kai ne ka kashe shi, to ni na riga ka." Na ce, "Hajiya, da gaske?" Ta ce, "Ka ci abinci kuwa yau?"

Oktoba ta riga Janairu da wata uku. Idan haka ne, ba ni na mayar da kai shan taba ba. Amma kullum muna tare a ofis, kuma ban taɓa jin warin a jikinka ba kafin wannan Litinin. Ban san ko gaskiya ta faɗa mini ba, ko sadaka ta yi mini da maganar. Ba zan sake tambayarta ba. Ka yafe mini, Baba Alhaji.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Mijinyawa, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa gaskiyarsa a ciniki ta yi masa nauyi a mizani, Ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safiatou, da 'ya'yansa Haidar da Mahfuza, da danginsa na Damagaram, da 'yan kasuwarmu na Deira. Allah Ya ba ku haƙuri. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Mubashir Kamal
Abu Hail, Dubai