Rarar da ba a zubar ba

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, can Aliero, malaminmu ya ce kowa ya rubuta SHA-256 da hannunsa a yaren Python, ban da ɗauko wanda aka riga aka haɗa. Wanda ya fara kawo mai aiki, da shi zai tafi taron masu manhaja a Abuja. Ni kuwa ko Kontagora ban taɓa wucewa ba, na sa wa kujerar nan rai.

Abin kamar injin niƙa yake. Ka zuba masa kowane rubutu, ya fito maka da jerin haruffa da lambobi masu tsawo ɗaya. Kalmar gwajin da Malam ya ba mu ita ce "albasa", ya rubuta amsarta a allo. Mugun halin aikin shi ne ba ya nuna maka ka kusa. Kuskure ɗaya tak, duk jerin ya birkice.

Ajinmu ɗaya da ɗan kawuna na Maiyama, taubashina, wanda tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ni ne mai zaman gaba, mai ɗaga hannu. Shi yana can baya yana shan rake, kwamfutarsa ma an ɗaure murfinta da roba. Ran nan ya juyo mini da ita, sai ga amsar allo, harafi da harafi. Na ce masa barka.

Ya ce bai kai wa Malam ba tukuna, in kawo nawa ya duba. Na ce Allah ya kiyaye. Kishi nake, kuma da hujjata: nawa ya fi nasa tsari, kowane layi da bayaninsa, nasa kuwa kamar kaji sun yi tono. Na yi ta bin nawa har idona ya yi ja. Lambobina sai kumbura suke, suna cika fuskar kwamfuta.

Ranar kasuwar Jega ya goya ni a babur. Muna tafe ya waiwayo ya ce, "Taubashi, mi ad damuwakka? Wanga yare ba ya zubda rara in an tara lamba. Kai ka yanke ta bayan kowane tari. Ko kana jin tausai nata, ɗan mai albasa?"

Babanmu kam in yana cika buhun albasa sai ya yi masa toliya, ya tula har ta wuce baki.

Da na dawo na sa yankan. Guntun layi ne, bai kai tsawon yatsa ba. Na danna, amsar allo ta fito. Na yi tsammanin zan yi tsalle, sai na zauna ina kallonta. Duk shirmen da na yi ta samu a baya nawa ne ni kaɗai, wannan kuwa babu inda ta bambanta da tasa.

Tare muka shiga ofishin Malam, don ya ƙi kai nasa sai da na gama. Malam ya gwada duka biyun, ya ce, "To, wa ya riga?"

Taubashina ya ɗaga kai yana kallon silin, ya bar mini fili. Wannan kirkin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Na nuna shi da baki na ce, "Shi ne."

Da zai tafi Abuja, jakata ya ara.