Saƙon da ya ƙi jiran Baba

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Kano, na dawo Kibiya ina jin kaina kamar ni na ƙera wayar hannu. Wayar kowa a gidanmu sai na karɓa na ce zan gyara, ko da lafiyarta ƙalau. Ana cikin haka ƙungiyar manoman Fassi ta yanke cewa daga bana a waya za a riƙa rajistar masu karɓar irin masara, an daina littafi. Mahaifina ne magatakardan ƙungiyar tun ina goye. Shugaban ya gaya masa cikin ladabi cewa in wayar ta gagare shi, sai a nemo matashi ya karɓi aikin. Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, murna ce ta kama ni. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ni zan haɗa maka manhajar da hannuna."

Mako biyu ina kanta, har miya na ƙona sau biyu, Inna ta kore ni daga madafa. Na jera sunayen manoma manya-manya, ka taɓa sunan mutum, ka danna, an gama. Sannan na ɗora abin da na fi ji da shi: wani ɗan saƙo da ke leƙowa a ƙasan fuskar waya, ya ce "An adana", ya yi daƙiƙa uku ya ɓace da kansa. Haka aka koya mana, wai kada a tsare mai aiki da surutu. Na danna shi ya fi sau ɗari don kawai in ga yadda yake leƙowa, ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu.

Ranar gwaji Baba ya goya ni a babur muka tafi Fassi. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, manoma goma sha biyu suka jeru, ni kuma na koma gefe ina gyara mayafi ina jiran a fara yabona. Da aka gama, shugaban ya karɓi wayar ya duba, sai ya gyara zama. Wani dattijo mai gona ɗaya tal sunansa ya shiga sau bakwai. Dattijon da jin haka ya ce shi dai ba shi da ja, a kawo masa buhunansa bakwai. Wuri ya kaure da dariya, har da ni, sai da na hangi fuskar Baba na haɗiye tawa.

Na matso na ce ya sake gwadawa a gabana. Ya taɓa suna, ya yi bismilla, ya danna. Sai ya ɗaga kai ya dubi mutumin da ke gabansa: "Allah ya ba da damina mai albarka. Yaya mai jikin? Allah ya ƙara sauƙi." Mutumin ya amsa da amin, ya ƙara da tasa addu'ar. Kafin Baba ya mai da ido kan waya, ɗan saƙona ya zo ya tafi tuni. Baba bai ga komai ba, ya ɗauka bai shiga ba, ya sake dannawa.

Raina ya ɓaci. Na rage murya na ce, "Haba Baba, ka riƙa duban wayar mana."

Ya ce, "Uwata, mutum na tsaye a gabana in tsura wa ƙarfe ido? Kuma wane irin ɗan aike ne wannan, ya faɗi saƙo ya juya tun ba a amsa masa ba?"

Shugaban ya ba mu zuwa Asabar.

Na koma gida ina ƙunƙuni na cire abin ƙaunata. Na sa wani ƙaton akwati kore a tsakiyar fuskar waya, wanda ba ya motsawa sai an danna "To". Na kuma hana suna shiga sau biyu, wanda da ina da kai da tun farko na yi. A idona abin ya yi muni ƙwarai, da malamanmu sun gani da sun ƙwace takardata.

Ran Asabar kuwa sai ga Baba yana aiki kamar a cikin waya aka haife shi. Ya danna, ya yi gaisuwarsa har ya tambayi lafiyar shanu, ya dawo ya tarar da koren na jiransa. Shugaban ya duba sunaye tsaf ya ce, "Malam, aiki naka ne." Ni da ba don idon mutane ba da na yi guɗa. A hanya na dami Baba da surutu, ina lissafa masa garuruwan da za su zo neman manhajata, daga Kahu har Rano.

Muna isa ƙofar gida ya kashe babur, bai sauka ba. Ya fito da wayar ya danna, ya miƙo mini ta baya.

"Uwata, me aka rubuta a cikin koren nan?"

Na ce, "An adana, Baba. Ai ga shi nan ƙato."

Ya ce, "Sunayen na san jerinsu da ka. Wannan kuwa koren kawai nake gani, idanun sun fara gazawa. Kada ki gaya wa innarki tukuna."