Gonar da Badaru Bai Taɓa Gani Ba

Badaru mai dabino a Madina aka haife shi, a unguwar Bani Harisa ya tsufa, bai taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarsa. Amma idan ka zauna a shagonsa a shekarun nan na casa'in, sai ka rantse shi ne shugaban reshen wata jam'iyya ta ƙasar Lituwaniya.

Tahir ne ya jawo masa wannan. Ɗalibin jami'a ne, Musulmi daga can, mai zuwa sayen dabinon Khaibar ya tsaya hira. Shi ya ba shi labarin jam'iyyar Haɗin Kan Ƙasar Haihuwa, wadda ta fito daga cikin masu fafutikar raba ƙasar da Tarayyar Sobiyet. Ya ce 'yan mazan jiya ne, suna riƙe da iyali da addini, suna son kowa ya mallaki abinsa, kasuwa ta ci gashin kanta, ƙasa ta juya wa Mosko baya. Badaru yana gyaɗa kai kawai, sai da aka zo kan batun mayar wa mutane gonakin da aka ƙwace wa kakanninsu, nan ya ajiye ma'auni.

Shi ma yana da gona. Mahaifinsa ya baro ta a ƙasar Damagaram da ya taho Hajji da ƙafa, ya rasu yana roƙonsa ya je ya taka ta. Daga bakin mahaifin nasa Badaru ya san iyakarta kamar tafin hannunsa, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, a gangara har jan dutse. Da rana in kasuwa ta yi sanyi yakan lumshe ido ya zaga ta, har da gero ya kai ƙirji. Kowace shekara yana cewa baɗi. Matarsa Iyatu kan ce gonar nan ta fi kowace gona albarka, tunda ba ta taɓa neman fartanya ba.

Da jam'iyyar ta ci zaɓe, Badaru ya raba wa maƙwabta dabino, ba wanda ya gane dalili.

Tahir ya tafi hutu ya dawo da labari. An ba su filin kakansa, wanda aka kora Saiberiya bai dawo ba. Sai dai daji ya cinye wurin, ba wanda ya san inda filin ya fara, sai wata tsohuwa ɗaya a ƙauyen. Ita ta dogara sanda ta nuna musu, daga wannan itace zuwa wancan rafi. Kafin sanyi ya shigo ta rasu.

Badaru ya koma gida, tsoro ya kama shi sosai. Yana cin tuwo ya tambayi 'yarsa Rumaisa, malamar makaranta, sunan ƙauyen kakanta. Ta yi murmushi ta amsa da Larabci cewa wallahi ba ta sani ba.

Ya dubi Iyatu. "To mu wace tsohuwa za ta nuna mana?"

Iyatu ba ta yi dariya ba wannan karon. "Ya Abu Rumaisa, ai kai ne tsohuwar."

Ya ture kwanon gefe, ya ce wa Rumaisa ta matso kusa. Ya sa yatsa a kan darduma ya ce, nan tsamiya take.