Kawu Uwaisu da Shanyar Kaset

Kawu Uwaisu, yayan mahaifiyata, bai taɓa zama a aji ba, Turancinsa kuma duka bai wuce na gaisuwa ba. Amma a ƙauyenmu, nan gabas da Ɗambatta, babu wanda ya kai shi sanin tsofaffin finafinan Turawa, irin waɗanda ake kashe mutum tun farko, a bar mai kallo yana zargin kowa har ƙarshe. Na dambe da na harbe-harbe ya ce na yara ne. Shi nasa shi ne wanda mutum zai hau bene a hankali, katako yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa, kai kuma kana kan tabarma ka manta da goron da ke bakinka.

Cutar ta kama shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake zuwa cirani Kano yana sayar da rake a ƙofar wani gidan silima. Mai gadin ƙofar yakan bar shi ya shiga idan fim ya yi nisa. Rani uku ya yi yana ganin yadda ake kama mai laifi, bai taɓa ganin laifin da aka yi ba. Da ya dawo gida ya kama noma da dillancin dabbobi ranar kasuwa, abin yana nan yana cin sa a rai.

Sai Allah ya haɗa shi da Malam Sha'aban, malamin firamare da aka turo ƙauyenmu, ya yi aure a nan, ya zauna har ya yi ritaya. Malam yana da bidiyo da ɗan janareto, yana da Turanci daidai gwargwado. Kawu yana da ƙafar yawo da bakin ciniki. Lokacin da shagunan haya suka koma faifai suna zubar da kaset, Kawu ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, daga Ɗambatta har cikin birni, yana dawowa da su a buhun taki a saman mota. Mutane suna yi masa sannu da zuwa, suna zaton iri ya sayo. A hankali suka tara ɗari da arba'in da wani abu, kuma ba a taɓa cewa wannan na wane ne ba. Na su biyu ne.

Sunayen Turancin ba su dame su ba. Kowane fim sun raɗa masa suna da kansu, Kawu ya rubuta da ajami a takarda ya liƙa. Akwai Gidan Bakin Ruwa, akwai Likita Mai Tari, akwai wani da suke kira Matar Nan Dai, domin tun fitowarta Kawu ya ce bai yarda da ita ba.

Tsarinsu kuwa har yau yana ba ni dariya. Bidiyo a gidan Malam yake, kaset kuma a gidan Kawu, cikin akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗakinsa. An yi haka ne tun wata shekara da Malam ya kasa haƙuri ya kalli ƙarshen wani fim shi kaɗai, Kawu kuma ya gane daga yadda ya zauna hankali kwance a wurin da ya kamata ya razana. Wata guda ba su yi wata doguwar magana ba. Da aka shirya sai aka raba kayan, yadda ba mai iya kallo sai da ɗan'uwansa. Kowace Juma'a idan aka sauko daga masallaci, Kawu zai zura kaset ɗaya a aljihun babbar riga, ya ratsa gonaki zuwa zauren Malam. Malam yana fassara abin da kunnensa ya kamo, Kawu yana karanta fuskoki. Yakan ce wanda ya yi shekara arba'in yana tsakanin mai saye da mai sayar da akuya ba ya bukatar Turanci kafin ya gane maƙaryaci. Abin haushin shi ne sau da yawa shi yake cin gaskiya.

Mun sha yi musu tsiya. Mun ce duk wannan ana samu a waya yanzu. Kawu ya karɓi wayata ya duba, ya ce mutumin da bai kai tsawon yatsa ba, ko ya ɗauko wuƙa ba zai ba shi tsoro ba.

Bara idon Malam ya yi yana, har ta kai sai Kawu ne yake gaya masa wa ya shigo ɗaki a fim, shi kuma ya gaya wa Kawu abin da aka ce. Ɗansa Abba ya zo ya tafi da shi Kano a yi masa aiki, matarsa Inna Sauda ta bi shi jinya. Ranar tafiyar ina wurin, domin makarantar da nake koyarwa ta ba da hutu. Malam ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Uwaisu, a kula da akwatin nan. Idan na dawo daga farko za mu soma, duk abin da na rasa sai na gani."

Kawu ya ce, "Malam, ka ji da idonka. Akwati ko ɓera bai isa ba."

Ɓera kam bai isa ba. Kwana biyar da tafiyarsu, da la'asar sakaliya, ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ta yaye kwano biyu daga rufin ɗakin Kawu, daidai saitin akwatin. Murfin ya daɗe da tsatsa. Da gari ya waye aka buɗe, kaset suna kwance cikin ruwa, takardun ajamin sun zama kunu.

To a nan ne manomi ya yi abin da manomi ya sani. Abin da ya jiƙe shanya shi ake yi. Kawu ya jawo kwanon nan biyu da iska ta jefar, ya shimfiɗa su a tsakar gida inda rana ta fi bugawa, ya jera kaset a kai sahu-sahu, yana barin tazara don iska ta ratsa. Matarsa Inna Furera ta tsaya da muciya a hannu tana kallonsa.

Ta ce, "Malam, wannan fa ba gero ba ne."

Ya ce, "Furera, shekara nawa kina kallon fim?"

Ni ma ban tsira ba, gara in faɗa. Ina tsaye ina gani, da takardar shaidar koyarwata da komai, abin da na ce kawai shi ne a kori kaji kada su hau. Ƙasa ta jiƙu, ranar shuka ce, kuma shuka ba ta jiran kowa. Kawu ya saɓa sungumi ya fita, ya bar wa Inna Furera saƙo cewa idan rana ta take a juya su. Ta juya su kuwa, da tsumma a hannu saboda zafi.

Da ya dawo bayan la'asar ya tarar sun bushe sarai. Sun kuma lanƙwashe kamar tsohon takalmin roba da aka manta kusa da murhu. Wasu sun buɗe baki, zaren ciki ya manne ya dunƙule. Kawu ya ɗauki ɗaya ya danna da tafin hannu ko za ta miƙe, ta ce ƙas. Ya tsuguna a wurin har aka kira magariba. Ni na yi niyyar dariya, domin abin dariya ne, amma da na ga bayan wuyansa sai ta maƙale mini.

Ba robar ce ta dame shi ba. Rabin akwatin nan na mutumin da ke kwance a Kano ne da bandeji a ido, yana ƙirga kwanakin da zai dawo ya gani. Kuma Kawu ya sa a ransa cewa Juma'ar nan tasu a kan kaset take tsaye, idan babu kaset bai san da wace fuska zai shiga zauren ba, bai ma san ko akwai sauran abin da zai kai shi ba.

Ya hana mu faɗa wa kowa. Ya shiga mota ya tafi birni neman madadi, yaran shago suka yi ta kiran junansu a zo a ga Baba mai neman kaset. Na ce ya ba ni sunayen in sa a tura mana su a waya, ko a haɗa da talabijin. Ya ce to, a fara da Matar Nan Dai. Na ce sunan gaskiya nake nufi. Ya dube ni ya ce shi ne sunanta na gaskiya.

Bayan mako biyu Malam ya dawo, ranar Laraba, da baƙin tabarau, aiki ya yi kyau. Muka je sannu. Kawu, wanda kullum yake faɗawa zauren nan ko sallama bai gama ba, ranar sai da ya tsaya aka yi masa izini. Ya kawo goro, ya kawo zabi biyu, ya tambayi jiki sau huɗu.

Malam ya ce, "Jiki alhamdu lillahi. Jibi ka zo mana da Gidan Bakin Ruwa. Da shi nake so in buɗe idon nan."

Kawu ya ce, "Anya likita bai hana ka kallon haske ba?"

"Shi ma ya ce in riƙa kallo, yana ƙara wa ido ƙarfi."

"Likitocin yanzu," in ji Kawu, yana share zufa da hula, alhali hadari ne a garin.

Malam ya ƙara da cewa, "Akwati dai lafiya ko? Na ji an yi iska."

"An yi iska," in ji Kawu. Ya miƙe ya ce ya bar tunkiya a kwance ba ta da lafiya. Ba mu da tunkiya marar lafiya.

Juma'a ta zo, Kawu ya yi salla a sahun baya, liman yana sallama ya sulale ta ƙofar gefe, ya aika cewa shukarsa ba ta fito ba, yana maimai. Mako guda ya yi yana zagaye ta bayan makabarta don kada ya bi ta ƙofar Malam. Tuwo ya koma cin loma uku. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na ce, "Kawu, kai da kake gane mai laifi tun daga tafiyarsa, ka san yadda kake tafiya kwanan nan?" Ya ce in fita masa daga ɗaki. Amma da wata Juma'ar ta zagayo, na ga ya ɗauko buhun taki ya kwashe gawarwakin duka ya saɓa a kafaɗa. Na ɗauki kwanon fura na bi shi da sunan kai wa Inna Sauda, na tsaya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida.

Kawu bai zauna ba. Ya zazzage buhun a gaban Malam, ya tsuguna daga bakin ƙofa kamar wanda aka kawo ƙara.

Ya ce, "Malam, ga amanarka. Ruwa ya shiga, ni kuma na ƙarasa su da hannuna."

Malam ya cire tabarau, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta gaba da baya, ya kai ta kusa da sabon idonsa.

Ya ce, "An dai juya su da rana ta take, ko? Don na ga duka gefen sun gasu daidai."

Kawu ya ɗago kai. "Wa ya gaya maka?"

"Sauda. A ranar Furera ta buga mata waya. Ina kwance da bandeji, na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi mini faɗa kada ɗinki ya buɗe."

"Ka sani? Ka sani ka ce in kawo Gidan Bakin Ruwa?"

"Shekara talatin ina kallon mai laifi ta cikin gilashi. Na ce tunda an gyara mini ido, bari in ga na gaske ko sau ɗaya. Uwaisu, ba ka iya ba. Zabi biyu! Da a fim ne, da tun kafin janareto ya yi zafi an kama ka."

Inna Sauda tana bayana ta toshe baki da mayafi. Kawu ya buɗe baki zai yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa, sai wata dariya ta kufce masa mai kama da tari. Suka yi ta yi su biyu, Malam yana riƙe da gefen idonsa.

Sannan Malam ya daina dariya. Ya ajiye kaset ɗin a hankali a kan sauran.

Ya ce, "Amma Juma'ar da ta wuce ban yi dariya ba. Na sa an share zauren nan, na shimfiɗa tabarmarka, na zauna. Duk wanda ya gifta sai in ɗaga kai. Har aka kira la'asar."

Kawu ya ce, "Ai ka san babu kaset."

"Na sani. Na dai shimfiɗa."

"To da me zan zo, Malam?"

Malam ya dube shi, irin duban da ya daɗe bai iya yi wa kowa ba. Ya ce, "Da ƙafarka, Uwaisu."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan ya miƙe, ya tsallake tarin robar, ya je ya zauna a kan tabarmar, yana goge fuska da hannun riga yana cewa ƙurar buhun ce ta shiga masa ido.